Abin da dokar Amurka ta 2022 ta canza game da gwajin magani a jikin dabbobi

A ranar 29 ga Disamban 2022, Shugaba Joe Biden ya rattaba hannu kan dokar da ake kira FDA Modernization Act 2.0, wadda Sanata Rand Paul na jam'iyyar Republican da Sanata Cory Booker na Democrat suka ɗauki nauyinta. Mutane da yawa sun ɗauka cewa ta haramta gwada magani a jikin dabbobi, alhali abin da ta yi shi ne janye tilas da ke kan kamfanonin haɗa magunguna.

Tilas ɗin yana da asali. A 1937 wani kamfani a jihar Tennessee ya narka maganin sulfanilamide cikin sinadarin diethylene glycol, ya sayar ba tare da ya gwada ko yana da guba ba, mutum fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara. (Sinadarin nan ne ya kashe yara a Najeriya a 2008 ta hanyar wani maganin haƙora.) Wannan ya haifar da dokar abinci da magunguna ta 1938, sannan aka ƙara tsaurara ta a 1962 bayan bala'in thalidomide, maganin da mata masu ciki suka sha ya sa aka haifi jarirai da nakasa. Daga nan al'ada ta kafu cewa kafin FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta yarda a ba mutum sabon magani, sai an gwada shi a jikin nau'in dabba biyu, galibi ɓera da kuma kare ko biri.

Sabuwar dokar ta sauya lafazin wannan sharaɗi. Yanzu abin da ake nema shi ne gwajin da ba a jikin mutum aka yi ba, kuma dokar ta fayyace cewa yana iya zama a kan ƙwayoyin halittar da aka raina a ɗakin bincike, ko a kan 'yar na'urar da ke kwaikwayon wata gaɓa ta jiki, ko lissafin kwamfuta, ko kuma dabba. Dabbar tana nan cikin jerin, sai dai ta zama ɗaya daga cikin zaɓi.

Da wuya majalisa ta yi wannan sauyi in da masana ba su riga sun samar da madadi ba, kuma a nan sunan Donald Ingber na Cibiyar Wyss a Jami'ar Harvard ke fitowa. A 2010 shi da abokan aikinsa suka bayyana huhun da suka gina a kan wani ɗan guntun roba garai-garai da bai fi yatsa tsawo ba. A cikinsa akwai siraran hanyoyi biyu da wata tantani mai ƙananan huji ta raba: sama an shimfiɗa ƙwayoyin huhun ɗan Adam iska tana bi ta kansu, ƙasa kuma ƙwayoyin jijiyar jini ne ruwa yana gudana. Ana zuƙe iska ta gefe, tantanin ta miƙe ta koma, kamar yadda huhu ke yi idan ana numfashi.

Hujjar da ta fi jan hankali ta fito ne a 2022, lokacin da kamfanin Emulate, wanda ya samo asali daga cibiyar, ya gwada magunguna 27 a kan irin wannan na'ura ta hanta guda 870. Na'urar ta gano kashi 87 cikin 100 na magungunan da aka san suna lalata hantar mutum duk da sun yi nasara a gwajin dabbobi, kuma ba ta ɗora laifi a kan ko ɗaya daga cikin marasa illa ba. Ya kamata a tuna cewa kamfanin da ke sayar da na'urar ne ya jagoranci binciken, kuma magunguna 27 ba su da yawa. Duk da haka sakamakon ya taɓa inda ke ciwo, domin kusan tara cikin goma na magungunan da suka kai matakin gwaji a jikin mutane ba sa samun amincewa a ƙarshe.

A aikace, wuƙa da nama suna hannun FDA. Kamfani yana iya miƙa sakamakon na'ura, hukumar kuma tana da ikon cewa bai gamsar da ita ba, a koma a kawo na dabba. Shi ya sa kamfanoni ba su yi gaggawar barin tsohuwar hanya ba, kuma a ganina suna da uzuri, tunda na'urar hanta ba za ta nuna abin da magani zai yi wa ɗan tayi ko wa jiki gaba ɗaya bayan watanni ba. A watan Afrilun 2025 hukumar ta fitar da tsarin rage gwajin dabbobi daki-daki, inda ta fara da magungunan da ake haɗawa daga sinadaran garkuwar jiki, waɗanda galibi a jikin birai ake gwada su.