Ɓoye cutar HIV a dokar Kanada, da umarnin 2018 da ya tsaya a yankunan arewa

Babu wani sashe a kundin laifukan Kanada da ya ambaci HIV da suna. Kotun Ƙoli ce ta gina dokar da hukuncinta. A shari'ar Cuerrier ta 1998 ta ce wanda yake ɗauke da ƙwayar cutar, ya sadu da wani bai faɗa masa ba, ana iya ɗaukar shirunsa a matsayin yaudara, yaudara kuwa tana rushe yardar da aka ba shi. Da zarar yarda ta rushe, saduwar ta koma cin zarafi. Tuhumar da aka fi yi ita ce mafi tsanani a laifukan fyaɗe, wadda hukuncinta kan kai ɗaurin rai da rai, ko da kuwa ba a ɗauki cutar ba.

A 2012, a shari'ar Mabior, kotun ta ce wajibi ne mutum ya faɗa in dai akwai yiwuwar yaɗa cutar ta haƙiƙa. Abin da zai sauke masa wajibcin shi ne ya haɗa biyu: ƙwayoyin cutar su yi ƙasa a jininsa, kuma ya sa kororon roba. Ɗaya bai isa ba.

Ilimin likitanci ya wuce nan. Mai shan maganinsa a kan kari har ƙwayoyin suka sauka ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini, suka kuma zauna a haka, ba ya yaɗa cutar ta hanyar saduwa. Wannan ne ya sa a Disambar 2018 Antoni Janar ta ƙasar a lokacin, Jody Wilson-Raybould, wadda ta fito daga ƙabilun asali da suke Kanada tun kafin zuwan Turawa, ta ba masu gabatar da ƙara na tarayya umarni. Kada su gurfanar da wanda ƙwayoyinsa suke ƙasa da wannan adadi. A mafi yawan lokuta kuma kada su gurfanar da wanda ya sa kororon roba, ko yake shan magani yadda likita ya rubuta. In ma za a yi ƙara, a duba ko tuhumar da ba ta fyaɗe ba za ta fi dacewa, a kuma duba ko jami'an lafiya sun riga sun shiga lamarin.

Masu gabatar da ƙara na tarayya suna riƙe da irin waɗannan shari'o'i ne a yankuna uku kaɗai: Yukon, Yankunan Arewa maso Yamma, da Nunavut. A Nunavut mafi yawan jama'a 'yan Inuit ne, wato ƙabilar asali ta can ƙuryar arewa. Can ne za a gane amfanin umarnin. Garuruwan Nunavut 25 ne, babu titin mota da ya haɗa wani da wani, mafi yawansu kuma ƙaramin asibiti ɗaya gare su wanda ma'aikatan jinya ke riƙewa. Matar da ta shiga neman gwajin jini ta san mai rubuta suna a bakin ƙofa, wataƙila ma 'yar ƙanwar mahaifiyarta ce. Tsoron bakin mutane ya ishe ta. In aka ɗora mata tsoron cewa takardar sakamakon za ta iya zama hujja a kanta a kotu, sai ta zaɓi rashin sani, domin wanda bai san yana da cutar ba babu abin da ya ɓoye. Wanda bai gwada ba kuwa ba zai fara magani ba, kuma shi ne ya fi yaɗa ta bai sani ba. Ga kuma mace mai ɗauke da cutar da take zaune da mai dukanta: in ta faɗa ta sha duka, in ta yi shiru ya kai ta ƙara ranar da suka ɓata.

A ganina umarnin ya yi daidai, domin ya mayar da shan magani kariya biyu, ta jiki da ta shari'a. Kuɗin maganin ma ba shi ne babban shinge ba, tunda shirin lafiya na tarayya yana biya wa 'yan Inuit da 'yan ƙabilun asali masu rajista maganin HIV har da na kariya kafin kamuwa.

Sai dai umarni ba doka ba ne. Wani Antoni Janar na iya janye shi, kuma hukuncin Mabior yana nan daram. Bai kuma shafi larduna goma ba, inda kowane lardi ke da nasa masu gabatar da ƙara. Wasu, irin su Ontario da British Columbia, sun fitar da nasu ƙa'idojin, amma ba iri ɗaya ba ne. Saskatchewan da Manitoba, inda aka fi samun sababbin masu kamuwa in an kwatanta da yawan jama'a, kuma 'yan asalin ƙasa ne cutar ta fi yi wa illa, duk suna wajen umarnin. Gwamnatin tarayya ta nemi jin ra'ayin jama'a kan gyara kundin laifukan kansa a 2022, gyaran da shi kaɗai ne zai game ƙasar baki ɗaya.