Tsawaita layin dogon Bluebell zuwa East Grinstead

Layin dogon Bluebell tsohon layin jirgin ƙasa ne da ke yankin Sussex a kudancin Ingila, wanda ƙungiyar 'yan sa-kai ke tafiyar da shi da jirage masu amfani da kwal da tururi, domin adana tarihi da kuma yawon buɗe ido. Tsawonsa mil 11 ne, wato kusan kilomita 18, daga tashar Sheffield Park a kudu zuwa garin East Grinstead a arewa. A ranar 23 ga Maris, 2013 aka buɗe ɓangarensa na ƙarshe, wanda ya sake haɗa shi da babban layin dogon ƙasar bayan kusan shekara 50 yana a ware. Shimfiɗa ƙarfen dogo shi ne mafi sauƙin abin da aka yi a aikin. Abin da ya ci shekaru da dukiya shi ne sake mallakar filin da aka rarraba bayan rufe layin, da kuma kwashe tarin sharar da aka binne hanyar da ita.

Asalin layin da yadda aka rufe shi

An buɗe layin da ya haɗa garin Lewes da East Grinstead a shekarar 1882. Layin karkara ne, kuma yawancin tashoshinsa sun yi nisa da ƙauyukan da aka raɗa musu sunansu, saboda haka bai taɓa samun fasinjoji da yawa ba. A 1955 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta rufe shi. Sai wata mata mazauniyar ƙauyen Chailey, Madge Bessemer, ta tono dokar da majalisa ta yi tun lokacin gina layin, ta gano cewa dokar ta wajabta a riƙa tafiyar da jiragen fasinja huɗu kowace rana, kuma babu mai ikon soke wannan sai majalisar. Dole hukumar ta dawo da jirage a 1956, amma ba da son ranta ba. Ta sa su a lokutan da ba su da amfani ga masu zuwa aiki, ta kuma hana su tsayawa a tashoshin Kingscote da Barcombe tunda ba a ambace su a cikin dokar ba. Da majalisa ta soke wannan sharaɗi, aka rufe layin gaba ɗaya a watan Maris na 1958.

A 1959 aka kafa ƙungiyar ceto layin. Burinta na farko shi ne dawo da zirga-zirga a kan layin duka, amma aljihu bai kai ba, sai ta tsaya a kan ɗan yankin da ke tsakanin Sheffield Park da kusa da Horsted Keynes. Jirgin farko ya tashi ranar 7 ga Agusta, 1960, da ƙananan injuna biyu da taragu biyu. Ɗaya daga cikin injunan, mai suna Stepney, an ƙera shi tun 1875.

Yadda layin ya zama a ware

A farkon shekarun, Bluebell na da mahaɗa da sauran layukan ƙasar a Horsted Keynes, inda wani reshe mai amfani da lantarki ke zuwa daga Haywards Heath ta ƙauyen Ardingly. An rufe wannan reshe a 1963, sannan aka ɗebe ƙarafan da suka nufi East Grinstead. Daga nan duk wani inji ko tarago da ƙungiyar ta saya, sai dai a ɗora shi a kan babbar tirela a bi da shi ta 'yan siraran hanyoyin ƙauye. Masu zuwa kallo ma kusan duk da mota suke zuwa. Abin ya zama da ɗan ban dariya: wurin da aka kafa domin jirgin ƙasa, amma ba a iya isa gare shi a jirgin ƙasa.

Tafiya arewa

Matakin farko shi ne sayen filin tsohuwar tashar West Hoathly a 1974. Sauran hanyar kuwa ta riga ta shiga hannun mutane daban-daban, wasu manoma, wasu masu gidaje, kuma ba kowa ne ke marhabin da dawowar hayaƙi da ƙarar jirgi bayan gidansa ba. Sai da aka yi zaman sauraron ra'ayin jama'a kafin gwamnati ta ba da izini a 1985, aka fara aiki a 1988. Layin ya ratsa ramin Sharpthorne da ke ƙarƙashin tudu, mai tsawon mita 668, ya isa tashar Kingscote a 1994. Ba a sake gina tashar West Hoathly ba, domin mutanen wurin sun nuna fargabar cunkoson motocin baƙi.

Daga Kingscote saura mil biyu kacal a shiga East Grinstead, amma waɗannan mil biyun sai da suka ɗauki shekara 19.

Jujin Imberhorne

A dab da garin, injiniyoyin ƙarni na 19 sun yanka tudu sun yi wani kwari mai zurfi domin dogon ya wuce. Bayan an cire ƙarafan, hukumomin yankin suka mayar da wannan kwari na Imberhorne juji. A shekarun 1960 da 1970 an yi ta jibge sharar gidaje a ciki har ya cika, aka rufe samansa da yumɓu, ciyawa da bishiyoyi suka tsiro kamar ba a taɓa yin hanya a wurin ba. Tsawon wurin da aka cike ya kai kimanin mita 500, kuma an ƙiyasta sharar da ke ciki ta kai mita kubik dubu 96 a ma'aunin cika.

An fara gwada kwashewa da manyan motoci, aka ga tsadar ta yi yawa, ga kuma takura wa mazauna unguwa. Dabarar da ta yi aiki ita ce a fara haɗa dogon daga ɓangaren East Grinstead, a bi ta kan gadar Imberhorne, doguwar gada ta jan bulo mai baka goma wadda ƙungiyar ta karɓa ta gyara, har zuwa bakin jujin. Ta haka jiragen kaya suka riƙa shigowa daga babban layi, motocin haƙa na loda musu shara, su tafi da ita wasu manyan wuraren binne shara a nesa. Wato mahaɗar da ake ta fafutukar samu ta fara aiki ne da ɗaukar bola kafin ta ɗauki fasinja ko ɗaya.

Lokaci ma ya matsa musu. Gwamnati ta sanar cewa daga watan Afrilu na 2012 za a janye rangwamen harajin zubar da shara da irin wannan aiki ke samu, abin da zai ninka kuɗin kwashe kowane tan. Ƙungiyar ta shiga neman taimako ba ji ba gani: sayar da hannun jari, gudummawar mambobi, da wani kamfe da ake roƙon kowa ya ba da fam 10 domin jujin. An kammala fitar da abin da ya wajaba kafin wa'adin ya cika. Ba duka sharar aka kwashe ba. Injiniyoyi sun ɗaga dogon sama da inda yake a da, suka bar wani kaso a gefe aka killace shi. Wannan ya rage kashe kuɗi, amma ya ƙara wa hawan tsauri, kuma masu zuba kwal a cikin injin su ne ke biyan kuɗin wannan shawara da guminsu a kowace tafiya.

An haɗa ƙarafan ɓangarorin biyu a farkon Maris na 2013, jirgin fasinja na farko kuma ya bi hanyar a ranar 23 ga watan, ana zubar dusar ƙanƙara, shekara 55 bayan rufe layin.

Yadda mahaɗar ke aiki

Bluebell na da nasa dandamalin a East Grinstead, 'yar tafiya kaɗan a ƙafa daga tashar da jiragen lantarki ke tashi zuwa Victoria a birnin Landan. Fasinja yakan sauka daga wannan ya taka zuwa wancan, da tikiti daban. Ƙarafan layukan biyu a haɗe suke, kuma faɗinsu ɗaya ne, milimita 1,435, amma ba kullum ake buɗe mahaɗar ba. Ana amfani da ita ne idan za a shigo da jirgin yawon shaƙatawa na musamman, ko kayan gyaran dogo, ko baƙon inji. Jiragen Bluebell na yau da kullum ba sa hawa babban layi, domin gudunsu bai wuce mil 25 a awa ba, kuma yawancin tsofaffin taragunsu ba su cika sharuɗɗan da ake gindaya wa jiragen zamani ba.

Wasu layukan tarihi a Ingila sun bi wata hanyar dabam. Na North Yorkshire Moors, alal misali, tun 2007 jiragensa ke hawa dogon ƙasa su shiga garin Whitby, abin da ke buƙatar lasisi da ƙarin na'urorin tsaro a cikin injuna.

Ƙungiyar Bluebell ta kuma mallaki filin tsohon reshen da ya tashi daga Horsted Keynes zuwa Ardingly, inda har yanzu jiragen dakon tsakuwa ke zuwa daga ɓangaren Haywards Heath. Farfaɗo da shi zai ba layin mahaɗa ta biyu, da babban layin Landan zuwa Brighton, sai dai gadar Sheriff Mill da ke kan hanyar an rushe ta tun 1968, kuma dole a yi wata a madadinta kafin jirgi ya wuce.