Zaman zubo dabaru a wurin aiki

Zaman zubo dabaru, wanda da Turanci ake cewa burenstomin, hanya ce da ma'aikatan kamfani ko ofis ke taruwa su yi wa matsala ɗaya taron dangi, kowa ya faɗi abin da ya zo masa a rai ana rubutawa, ba a tsayawa tantance mai kyau da marar kyau sai an gama. Wanda ya fito da ita shi ne Alex Osborn, ɗan Amurka da aka haifa a 1888 ya rasu a 1966, yana cikin masu kamfanin talla na BBDO a birnin Niyok. Wajen 1939 ya fara gwada ta da ma'aikatansa don ya ga ba sa kawo sabbin dabarun talla yadda yake so, a ganinsa kuma saurin gwale mutum shi ke kashe dabara tun ba ta fito ba. Littafinsa Applied Imagination na 1953 shi ya baza tsarin a duniya.

Dokokinsa huɗu ne. Babbar cikinsu ba suka, ko da abin da mutum ya faɗa ya yi kama da shirme a rubuta kawai. Sannan a nemi yawa don cikin ɗari ba za a rasa biyu uku masu amfani ba, a yi maraba da dabarar da ta fita daga abin da aka saba, kuma kowa na iya ɗaukar ta wani ya ɗora a kai ko ya haɗa biyu su zama ɗaya.

To amma fa tsarin bai daɗe ba aka gano inda yake yoyo. A 1958 wasu masu bincike a jami'ar Yale, Taylor da Berry da Block, suka gwada shi a kan ɗalibai, wasu aka zaunar da su hurhuɗu, wasu kowa shi kaɗai daga baya a haɗa amsoshin mutum huɗu a cire maimaici. Cikin tambayoyin har da me zai faru in mutane suka wayi gari da ƙarin babban yatsa a kowane hannu, da yadda za a jawo 'yan yawon buɗe ido daga Turai zuwa Amurka. Waɗanda suka yi tunani su kaɗai sai suka kawo kusan ninki biyu na abin da masu zaman tare suka kawo. A 1987 Diehl da Stroebe a Jamus suka bi sawun dalili, suka ga babban abin shi ne jiran layi: mutum ɗaya ne ke magana a lokaci guda, kai kana riƙe da taka a baki kana jiran wancan ya gama, kafin ya gama ta gudu, ko ka ga kamar ba ta dace ba ka haɗiye ta. Akwai kuma tsoron kar a raina ka, da masu laɓewa bayan wasu su bar musu aikin.

Wannan na tsoron ni a ganina bai kamata a raina shi ba, musamman a inda ake girmama na gaba sosai. In oga ya fara magana ya ce ga yadda yake gani, to an gama, sauran sai gyaɗa kai da "haka ne ranka ya daɗe", yaron da ke tsaye gaban masu saye kullum wanda shi ya san abin da kwastoma ke ƙorafi a kai ba zai ce uffan ba, alhali dabarar da ake nema tana wurinsa. Abin takaici ne a tara mutum goma awa biyu a tashi da ra'ayin mutum ɗaya.

Shi ya sa aka ɓullo da hanyoyin rubutu. Sananniya ita ce 6-3-5 ta wani Bajamushe Bernd Rohrbach a ƙarshen shekarun 1960: mutum 6, kowa ya rubuta dabara 3 cikin minti 5, ya miƙa takardar ga na kusa da shi ya karanta ya ƙara uku nasa, haka har ta zagayo. Cikin rabin awa ana iya samun 108, ba wanda ya katse wani, mai kunya da mai baki duk layi uku uku suka cika. Edward de Bono ɗan Malta shi kuma a 1985 ya kawo huluna shida, kowane launi da irin tunaninsa, fara ta bayanai, ja ta abin da zuciya ke ji, baƙa ta hango haɗari, koriya ta sabon abu, ruwan ɗorawa ta amfani, shuɗiya ta mai jan zaman, kowa ya sa iri ɗaya a lokaci guda don kar zaman ya koma musu.

Duk waɗannan sai an san ainihin matsalar tukuna, nan ne tsarin Toyota na tambayar "me ya sa" sau biyar ke shigowa. Misalin da Taiichi Ohno, injiniyan kamfanin, ya bayar shi ne inji ya tsaya. Me ya sa? Fis ya ƙone don nauyi ya yi yawa. Me ya sa? Boris bai samu isasshen mai ba. Me ya sa? Famfon man ba ya turowa sosai. Me ya sa? Sandar famfon ta cinye tana girgiza. Me ya sa? Ba a sa rariya ba, ɓurɓushin ƙarfe na shiga ciki. Da a tambayar farko aka tsaya, fis kawai za a canza, bayan 'yan watanni injin ya sake tsayawa, amma da aka kai ta biyar sai aka ga rariya ce za a sa.