Rawar taku ta Ailan: za a iya koyonta a ɗaki daga bidiyo?

Wanda ya taɓa ganinta ba ya mancewa. Mai rawa ya miƙe ƙyam, hannuwa manne da cinya, daga ƙugu zuwa sama ko motsi babu, ƙafafu kuwa sai aiki suke ba ƙaƙƙautawa. Ita ce rawar taku ta mutanen Ailan. Makarantunta ba ko'ina ake samunsu ba, shi ya sa masu sha'awa da yawa suke komawa ga bidiyo.

Yaya aka yi rawar ƙaramar ƙasa ta karaɗe duniya?

Tun a ƙarni na 18 akwai malaman rawa da ke yawo ƙauye-ƙauye, musamman a yankunan Kerry, Cork da Limerick, suna koyarwa. A 1893 aka kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge don farfaɗo da harshe da al'adun ƙasar, daga cikinta ne kuma hukumar rawa ta CLRG ta fito, wadda ta tsara dokoki da jarabawar malamai, ta fara gasar duniya a Dublin a 1970. Amma abin da ya kai rawar gidajen jama'a shi ne daren 30 ga Afrilun 1994, lokacin hutun gasar waƙa ta Eurovision a Dublin, da masu rawa Michael Flatley da Jean Butler suka jagoranci wasan rawa mai suna Riverdance na kusan minti bakwai. Daga nan makarantu suka cika.

To, bidiyo kaɗai zai wadatar?

Rabin aikin zai yi, kuma gara ka san wane rabin ne. Bidiyo ya iya nuna jerin taku: wannan ƙafa nan, waccan can, tsalle, sauka. A nan har ya fi malami haƙuri, don ko sau nawa ka mayar da shi baya ba zai ƙosa ba, kuma a YouTube kana iya rage gudunsa zuwa rabi. Abin da ba zai yi ba shi ne ganin ƙafarka. A wannan rawa kuwa, abin da ake dubawa ba yawan takun da ka haddace ba ne. Ana duba ko tafin ƙafa ya buɗe waje, ko ƙafa ɗaya ta gitta gaban ɗaya har gwiwar gaba ta rufe ta baya, ko diddige ya tashi daga ƙasa ya tsaya a sama, ko yatsu sun miƙe tsaf duk lokacin da ƙafa ta bar ƙasa.

Mai koyo shi kaɗai yakan ji a jikinsa cewa yana yi daidai, alhali diddigensa ya daɗe da zubewa. Maganin shi ne ka jingina waya a ƙasa, daidai tsayin idon sawu, ka ɗauki kanka daga gaba, ka sake ɗauka daga gefe, sannan ka kalla kusa da na malamin. Kallon farko ba daɗi. Amma kuskuren da aka maimaita wata shida ya fi wuyar cirewa fiye da koyon sabon taku, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani abin lura: buɗewar ƙafa daga ƙugu take farawa. Wanda ya murɗa idon sawu kawai don ya kwaikwayi hoton da ya gani, gwiwarsa ce za ta biya.

Da me zan fara?

Da kunne. Kafin ka ɗaga ƙafa, ka saurari kiɗan har ka iya rarrabe ire-irensa. Ril yana tafiya huɗu-huɗu, ta-ka-ta-ka, ta-ka-ta-ka. Jig yana tafiya uku-uku sau biyu, ta-ka-ta, ta-ka-ta. Silif jig kuma uku-uku sau uku ne, shi ya sa yake da wani lanƙwasa da sauran ba su da shi, kuma a gasa galibi mata ke yinsa. Taku ɗaya cikakke gaɓar kiɗa takwas ne da ƙafar dama, sai a maimaita shi gaɓa takwas da hagu. Idan ba ka iya jin inda takwas ta ƙare ba, kullum za ka riƙa shiga a makare.

Bayan haka sai bakwai da uku, wanda kusan kowace makaranta ke farawa da shi. Ka ɗan yi tsalle, ka tafi gefen dama da taku bakwai, hagu na bin bayan dama, ka yi uku-uku sau biyu a inda ka tsaya, sannan ka dawo hagu. Abu ne da yaro ɗan shekara biyar ke yi. Yinsa a kan yatsu, gwiwa a miƙe, kafaɗa ba ta rawa, nan ne gizo ke saƙa.

Malamin yana fuskantata, sai in rikita dama da hagu.

Nemi bidiyon da aka ɗauka daga bayan malami, inda damarsa ce damarka. Kuma ka tsaya a kan malami ɗaya. Ban da 'yan raye-rayen gargajiya da takunsu ya zama ɗaya kusan ko'ina, kowace makaranta da nata tsarin, har sunan taku yakan bambanta. Tsinto nan, tsinto can, ruɗewa kawai yake kawowa.

Daɓen siminti ne a ɗakina. Akwai matsala?

Babba ma. Wannan ita ce tambayar da na fi so mutane su ɗauka da gaske. Rawar duk tsalle ce a kan gaban ƙafa, siminti da tayil kuma ba sa sassautawa, duk nauyin saukar yana komawa ƙwauri da tafin ƙafa. Ciwon ƙwauri, kumburin jijiyar tafin ƙafa da tsagewar ƙananan ƙasusuwa sanannu ne a wajen masu wannan rawa, har waɗanda ke da malamai. Ka sa kafinta ya yanko maka faffaɗan katako, ka shimfiɗa shi a kan roba mai kauri ko tsohon kafet don ya ɗan riƙa bayarwa. Ka ɗumama jiki kafin ka fara. Minti 15 zuwa 20 a kai a kai ya fi awa biyu rana ɗaya. Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, ya ƙi tafiya bayan hutu, na asibiti ne.

Sai na sayi takalmin nan mai ƙara?

Ba yanzu ba. Takalma iri biyu ne: mai laushi na fata, da mai tauri wanda ake sa wa baki da diddige na faibagilas don ya yi ƙara. Da mai laushi ake farawa, kuma a makonnin farko takalmi mara nauyi da ke lanƙwasa ya isa. Safa kaɗai a kan tayil zamewa take yi. Mai tauri yana zuwa daga baya, da raye-rayensa irin honfaif. Abin mamaki a nan, sabon shiga ne ke rawa da kiɗa mai sauri, gwanaye kuma a rage musu gudu, don su cusa bugu da yawa a kowace gaɓa. Tsayawa a kan bakin takalmi kuwa, hukumar CLRG ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 12, kai ma kada ka gwada ba malami.

Me ya sa hannuwa ba sa motsi?

Ana ba da labarai, wasu su ce limaman coci ne suka hana, wasu su ce don ɓoye wa sojojin Ingila rawar ne. Hira ce dai. Abin da ya tabbata shi ne dokokin gasa ne suka kafe salon haka. Tsohon salon yankin Connemara, sean-nós, hannu a sake yake, ƙafa kusa da ƙasa, ba dogon tsalle. Ga babba da ya fara a makare, ko mai gwiwar da ba ta son wasa, a ganina shi ya fi dacewa da koyon gida.

Zan iya shiga gasa da abin da na koya?

A ƙarƙashin CLRG, sai ta hannun malami mai rajista, wanda ke da takardar shaidar koyarwa ta TCRG. Wasunsu suna koyarwa kai tsaye ta intanet, wasu kuma ka tura musu bidiyonka su mayar da gyara. Ko ba ka da niyyar gasa, ka yi hakan lokaci-lokaci, ka kuma tabbata an ɗauko ƙafafun sosai tun daga gwiwa har ƙasa.