Ba taurin kai ba ne, aikin ne bai dace da yaron ba

A Damagaram, daga Birni har Zango, an daɗe ana cewa yaro mai naƙasa da ke tayar da hankalin aji ɗan taurin kai ne, bulala ce maganinsa. Wasu ma cewa suke iskoki ne. Sau da yawa matsalar tana cikin aikin da aka ba shi.

Ku dubi yaron da ba ya ji sosai, an zaunar da shi can bayan aji. Mushe, wato malamin aji, ya juya baya yana rubutu a allo yana bayani da Faransanci, yaron bai ga leɓensa ba balle ya gane. Sai ya fara zungurar na kusa da shi. Mushe ya kore shi waje, shi kuwa ya huta. Gobe zai sake, domin ya gano cewa rigima ce ke fisshe shi daga aikin da ya fi ƙarfinsa. Korar ta zama lada.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A dawo da shi layin gaba. A raba dogon aiki gunduwa-gunduwa, ya gama ɗaya a yaba masa nan take. Mai wahalar riƙe alli ya ƙirga da tsakuwa ko murafun kwalba, ko ya amsa da baki. Wanda zama ke gundura a sa shi raba littattafai. A kuma koya masa ɗaga hannu in yana son hutu.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma sashe na 24 ya wajabta irin wannan sassauci a makaranta.