Adabin Italiya da Zamanin Farfaɗowa: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa masana suke yawan komawa kan marubuta uku na Italiya?

Domin Dante, wanda ya rasu a 1321, da Petrarca da Boccaccio, waɗanda suka rasu a 1374 da 1375, sun yi manyan ayyukansu da harshen mutanen yankin Tuskani a lokacin da Latin ne harshen malamai da coci da shari'a. Dante ya tsara doguwar waƙarsa ta Commedia mai babi 100 yana gudun hijira, bayan an kore shi daga birninsu, Filorens, a 1302. Boccaccio kuwa ya tara labarai 100 a cikin littafinsa Decameron, a bakin matasa goma da suka guje wa annobar 1348. A ganina, wannan ƙarfin hali na ɗaukar harshen gida zuwa manyan batutuwa shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. A 1525 masanin adabi Pietro Bembo ya ba da shawarar a riƙi Petrarca abin koyi a waƙa, Boccaccio a zube, kuma a kan wannan aka gina daidaitaccen Italiyanci.

Ta yaya tasirinsu ya bazu a Turai?

Marubuci Chaucer na Ingila ya je Italiya a 1372 da 1378, ya kuma ari labarai daga Boccaccio. Waƙar sonet mai layi 14, wadda Petrarca ya shahara da ita, ta shiga Ingila ta hannun marubuta waƙa Wyatt da Surrey, har ta kai ga Shakespeare.

Shin gaskiya ne Turai tana cikin duhu kafin Zamanin Farfaɗowa (Renaissance)?

Littafin masanin tarihi Jacob Burckhardt na 1860 shi ya ƙarfafa wannan fahimta, amma a 1927 wani masanin tarihin, Charles Homer Haskins, ya nuna cewa tun a ƙarni na 12 ilimi ya farfaɗo, kuma fassarar littattafan Larabci a birnin Toledo na Sifaniya tana cikin dalilan hakan.

Akwai hannun Musulmi a cikin aikin Dante?

Nan ne muhawara ta fi zafi. A 1919 wani malamin Sifaniya, Miguel Asín Palacios, ya ce tafiyar Dante zuwa lahira da ya bayyana a cikin Commedia tana kama da labaran Mi'iraji, sai masana da dama a Italiya suka musanta, suna tambayar ta wace hanya labarin zai isa ga Dante. A 1949 wani masanin Italiya, Enrico Cerulli, ya buga wani littafin Mi'iraji da aka fassara zuwa Latin da Faransanci a fadar Sarki Alfonso na 10 a Sifaniya, wanda ya tabbatar da cewa hanyar tana nan. Har yau ba a sami shaidar cewa Dante ya karanta shi ba, sai dai ya ambaci Ibn Sina da Ibn Rushd da sunansu a cikin jerin manyan masu hikima.