Cacar Loto a Gaban Alƙali: Wa Ke da Iko, Kuma Ta Ina Maguɗi Ke Shiga?

Loto caca ce da mutum zai sayi tikiti ya zaɓi lambobi, sannan a jefa ƙuri'a. A wasu ƙasashen gwamnati ce ke gudanar da ita da kanta, kamar LONANI a Nijar, a wasu kuma lasisi take ba kamfanoni ta karɓi kasonta, kamar yadda ake yi a Najeriya. Haramcin caca a Musulunci ba abin saɓani ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta isa hujja. Abin da ya kawo mu nan shi ne rigingimun da ke tashi idan gwamnati ɗaya ce mai cin riba, ita ce mai sa ido, ita ce kuma ake kai wa ƙara.

Wane hukunci Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke kan loto?

Ranar 22 ga Nuwamba 2024, alƙalai bakwai suka haɗu a kan cewa Majalisar Tarayya ba ta da hurumin yi wa jihohi dokar loto. Mai Shari'a Mohammed Idris ne ya rubuta babban hukuncin. Dokar loto ta ƙasa ta 2005 yanzu a Babban Birnin Tarayya Abuja kaɗai take aiki.

Jihar Legas ce ta shigar da ƙarar tun 2008, Ekiti ta bi sahunta a 2020. Kai tsaye aka tafi Kotun Ƙoli, domin sashe na 232 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta ikon sauraron rikicin tarayya da jihohi tun daga tushe. Hujjar Legas gajeriya ce. Tsarin mulki ya jera abubuwa 68 da tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya kuma jera waɗanda ake tarayya a kansu. Loto ba ta cikin ko ɗaya, kuma duk abin da ba a ambata ba na jihohi ne. Ɓangaren tarayya ya nemi a cusa ta ƙarƙashin ciniki da kasuwanci, kotu ta ƙi. Shekara 16 aka yi ana jiran wannan amsa, kamfanoni kuwa suna kukan hukumomi biyu na tatsarsu kuɗin lasisi da haraji.

Me hukuncin ya canza a jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci?

Ya cire garkuwar da masu shagunan caca ke fakewa da ita. A da idan Hisbah ta je rufe shago a Kano, mai shi zai iya zaro takardar lasisin Abuja. Yanzu dokar jiha ce ke magana, jihar da ta haramta ta haramta. Amma rufe shago bai taɓa wayar da ke aljihun matashi ba. Kamfani mai lasisin Legas yana karɓar kuɗi daga Kano ko Gusau ta intanet, kuma a nan muke ganin sabuwar rigimar za ta daɗe.

Idan babu maguɗi ko kaɗan, wasan na adalci ne?

A'a, kuma lissafi ne ya faɗa. Ɗauki wasan da ya fi yaɗuwa a Najeriya da Ghana, inda ake zaro lambobi 5 daga 1 zuwa 90. Wanda ya zaɓi lambobi biyu, sau ɗaya cikin kusan 400 ne duka biyun za su fito. Da adalci ake biya, naira 100 za ta jawo kusan naira 40,000. Abin da aka saba biya ninki 240 ne, wato naira 24,000. Ke nan a duk naira 100 da jama'a suka zuba, kusan 60 ce ke komawa hannunsu.

Lambobi uku sun fi muni: sau ɗaya cikin 11,748, ladan kuma ninki 2,100, abin da ke komawa bai kai naira 18 cikin 100 ba. Babu dokar da aka karya, a fili aka rubuta ninkin. Sai dai ba a rubuta ɗaya rabin lissafin a jikin tikiti, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne ya fi saye. Masu sayar da "lambar da za ta fito" kuwa iska suke sayarwa, domin ƙwallon da ya fito jiya bai san ya fito ba.

To ta yaya ake murɗe ƙuri'ar kanta?

Tsohuwar hanya ita ce taɓa ƙwallaye. Ranar 24 ga Afrilu 1980, a jihar Pennsylvania ta Amurka, lamba 666 ta fito a talabijin kowa yana kallo. Ashe an ɗura wa ƙwallayen fenti da sirinji sun yi nauyi, ban da masu lamba 4 da 6. Iska ce ke hura ƙwallo sama, don haka marasa nauyin ne kawai za su iya tashi, haɗin lambobi uku guda takwas ke nan maimakon dubu. Yawan kuɗin da aka zuba kan waɗannan takwas ɗin ne ya tona asiri, aka ɗaure mai gabatar da shirin, Nick Perry. Shi ya sa duk tsarin kirki yake auna nauyin ƙwallaye kafin ƙuri'a da bayanta, a ajiye saiti fiye da ɗaya a kulle, kuma mai binciken waje ya shaida zaɓen saitin da za a yi aiki da shi.

Da wasu suka koma kwamfuta, sai ɓarawo ya fito a cikin gida. Eddie Tipton shi ne shugaban tsaron bayanai na ƙungiyar da ke haɗa loton jihohin Amurka da dama, kuma yana cikin masu rubuta manhajar zaro lambobi. Ya dasa wasu 'yan layuka da ke aiki a ranaku uku kacal a shekara, 27 ga Mayu, 23 ga Nuwamba da 29 ga Disamba, shi ma sai ranar ta faɗo Laraba ko Asabar. A irin wannan rana lambobin da za su iya fitowa kan ragu zuwa 'yan ɗaruruwa. Sauran ranakun na'ura lafiya lau take, shi ya sa gwaji bai kama ta ba.

Tun 2005 yake ci ta hannun ɗan'uwansa da abokai, a Colorado da Wisconsin da Kansas da Oklahoma. Dubunsa ta cika a Iowa, kan dala miliyan 16.5 na Disamba 2010. Doka ta hana shi wasa, don haka aka jira har wa'adin shekara ɗaya na karɓar kyautar ya kusa cika, lauyoyi suka zo karɓa da sunan wani kamfani mai rajista a ƙasar Belize. Iowa ta ce ba ta biya sai ta san wanda ya sayi tikitin. A 2014 aka saki bidiyon shagon da aka saya, waɗanda suka san shi suka gane muryarsa. A 2017 ya amsa laifi, aka yanke masa ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Kuskuren tsarin a bayyane yake: hannu ɗaya ke rubuta manhaja, yake kuma gadinta.

Laifi ne mutum ya saye duk lambobin?

Wannan ce ta girgiza jihar Texas ta Amurka. Wasansu lambobi 6 ne cikin 54, haɗi kusan miliyan 25.8, kowane dala ɗaya. A Afrilu 2023 kyautar ta kai dala miliyan 95, sai wani rukuni ya saye kusan duka haɗin cikin kwana uku, ya cinye. Buga tikiti masu yawa haka ba ya yiwuwa da injin shago ɗaya, kuma hukumar loton ce ta amince aka ba da ƙarin injuna. Wanda ya sayi tikiti ɗaya a makon bai san cewa ko ya dace sai dai ya raba ba. A 2025 shugaban hukumar ya yi murabus, majalisar jihar ta rushe hukumar, ta miƙa aikin ga wata ma'aikata.

Mai shagon tikiti fa?

A nan ƙaramin ɗan wasa ya fi cutuwa. A Ontario ta Kanada, binciken gidan talabijin na CBC a 2006 ya gano masu sayar da tikiti sun ci manyan kyaututtuka kusan 200 cikin shekara bakwai, alhali lissafi bai ba su 60 ba. Dabarar ba wuya: dattijo ya miƙa tikiti a duba masa, a ce bai ci ba, a jefa a aljihu. Tikiti na wanda ke riƙe da shi ne, muddin ba suna a bayansa. Daga baya aka wajabta sa hannu kafin dubawa, aka juyo da allon inji wajen mai tikiti, injin kuma yana kiɗa idan an ci.

Ai an ce ayyukan alheri ake yi da ribar loto?

Da wannan alkawari ake halatta ta a idon jama'a, kuma shi ya fi wuyar bin diddigi. A Afirka ta Kudu, gyaran dokar da ya fara aiki a 2015 ya ba hukumar loto damar zaɓen ayyuka da kanta ba tare da kowa ya nema ba. A Nuwamba 2020 Shugaba Cyril Ramaphosa ya umarci sashen bincike na musamman ya shiga, tallafin da aka sa a gaba ya haura rand biliyan 1.4. An riƙa farfaɗo da ƙungiyoyin da suka daina aiki ana karɓar kuɗi da sunansu. Gidajen kula da tsofaffi da cibiyoyin gyaran masu shaye-shaye suka tsaya ba a gama ba, kotu kuma ta riƙe gidajen alfarma da motocin da aka saya da kuɗin.